Yadda Ake Gane Ƙwararren Mai Gyaran Fenti da Shafa Seramik Kafin a Miƙa Masa Babbar Mota

Motar da ta yi shekara uku tana kwana a fili a Gombe ba sai an tambayi mai ita abin da ta sha ba, domin jikinta ne zai ba da labari. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana lulluɓe ta da ƙura, yaran wanki kuma suna share ƙurar da busasshen tsumma. A Maris da Afrilu zafi yana kaiwa maki 40, ƙarfen mota mai duhun launi kuwa yana wuce haka nesa ba kusa ba. Idan damina ta sauka, taɓo da kwalta da tsakuwar hanyar Kaltungo ko ta Alkaleri su ɗora nasu. Sannu a hankali ƙyalli ya dushe, baƙar mota ta koma kamar toka, fara kuma ta soma barin gari a tafin hannun wanda ya shafa ta. Wannan ne ya sa tallan masu shafa seramik ya yi yawa a Facebook da TikTok, kowa da bidiyonsa na ruwa yana gangarewa a kan bonet. Wannan bayani na masu manyan motoci ne: homa da kosta da Land Cruiser da Hilux, har da irin motocin nan masu ɗakin kwana da kicin a ciki waɗanda Amurkawa ke kira RV, da 'yan uwansu da ake mayarwa asibitin tafi-da-gidanka. A kan irin waɗannan motoci kuskure yana da tsada, saboda faɗin jiki da tsadar sake fenti.

Abu na farko da ya kamata mai mota ya riƙe shi ne, aiki biyu ne daban ake haɗawa a sayar masa da suna ɗaya. Akwai gyaran fenti, wato a yi amfani da inji da man folish mai ɗan kaushi a kankare saman fentin kaɗan har ya daidaita, karce da dushewa su ɓace. Akwai kuma shafa seramik, wato wani ruwa da akasari ake haɗa shi da sinadarin silika, wanda idan ya bushe yake zama siririn rufi mai tauri a kan fentin. Seramik ba ya gyara komai. Abin da ya tarar a ƙasa shi yake rufewa, mai kyau ko marar kyau, kuma da zarar ya kama ba ya fita da sabulu, sai an sake sa inji. Saboda haka mafi yawan wahala da ƙwarewa suna cikin aikin farko, kuma a nan ne za ka auna mutum, ba a kan kwalbar da ya ɗaga maka ba.

Domin a fahimci girman amanar da ake ba mai folish, sai a san yadda fentin kamfani yake. Akasari hawa uku ne: shimfiɗar farko da ke kama ƙarfe, sai launi, sai shafin ƙarshe garai-garai kamar gilashi wanda masu fenti ke kira kiliya. Dukkansu a haɗe, a yawancin motoci, kaurinsu tsakanin maikuron 100 ne zuwa 180, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kiliyar kanta ba ta cika wuce maikuron 35 zuwa 50 ba, wato ba ta kai kaurin takardar rubutu ba. Ita ce ke ba da ƙyalli, ita ce kuma ke tare hasken rana daga cinye launi. Duk folish ɗin da aka yi da inji yana rage ta, kuma abin da aka rage ba ya tsirowa. Idan aka huda ta, babu man da zai maido da ita, sai dai a sake fesa fenti a wannan ɓangaren gaba ɗaya, kuma kowa ya san yadda darajar mota ke faɗuwa a wurin dillalai da zarar an ce an taɓa yi mata fenti.

Shi ya sa tambayar farko da za ka yi wa duk wanda ya ce ya iya wannan aiki ita ce: “Malam, kana da na'urar auna kaurin fenti?” Ƙaramar na'ura ce da ake ɗorawa a jikin mota ta nuna lamba. Mai sana'ar da ya san abin da yake yi zai zagaya motar yana aunawa a bonet da ƙofofi da rufi kafin ya yanka maka farashi. Inda lambar ta yi ƙasa ƙwarai, alama ce ta cewa an sha yin folish a wurin, dole a bi shi a hankali ko a ƙyale shi. Inda ta haura zuwa 300 ko fiye, an taɓa sake fenti. Inda ta yi tsalle zuwa kusan 1000, akwai fila a ƙasa, wato ƙullun da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi, alamar motar ta taɓa buguwa. Tun da yawancin motocinmu 'yan tokumbo ne, ko kuma sun bi ta hannu biyu ko uku, wannan awo kan tona abin da mai motar kansa bai sani ba. Wanda ba shi da na'urar ba lallai ne ya zama macuci ba, amma aikin lalube yake yi, kuma da fentinka yake yin laluben.

Masu RV da sauran motoci masu jikin faiba suna da ƙarin abin lura. Na'urar awon da aka saba da ita tana aiki ne a kan ƙarfe da alminiyam, ba ta karanta faiba ko roba. Sannan jikin faiba sau da yawa ba fenti ba ne a kansa, wani rufi ne da ake kira jelkot, wanda ya ninka fentin mota kauri, yakan kai maikuron 400 zuwa 500, amma rana tana saurin mayar da samansa gari. Gyaransa yana son man folish mai ƙarfi da haƙuri mai yawa, kuma yana cika soson inji da wuri. Ga kuma zane-zanen leda da aka liƙa a gefe, waɗanda zafin inji ke ƙonawa ko ya ɗaga bakinsu, ga gam ɗin da aka toshe gaɓoɓin rufi da tagogi da shi, wanda idan aka cinye shi ruwan damina zai sami hanyar shiga ɗaki. Ka tambayi mai aikin ko ya taɓa taɓa jikin faiba, ka kuma saurari yadda zai amsa. Idan ya ce duk mota mota ce, ka yi masa godiya ka wuce. Haka nan ka duba ko yana da matakala mai faɗi ko dandamalin tsayawa, domin kosta ta kusa mita 7 a tsawo, babbar RV kuma tana iya kaiwa mita 12, kuma ba a riƙe inji mai nauyi da kyau daga kan tsani mai rawa.

Neman mutum ya kan fara da tambaya, kuma a ganina direbobi sun fi kowa amfani a nan, musamman direbobin gidajen manya da na hukumomi, domin su ne ke wanke motar kullum, su ke ganin abin da ya rage bayan wata shida. Dillalan mota ma sun san masu folish, sai dai buƙatarsu daban ce da taka: su suna son mota ta yi ƙyalli har ranar da za a saye ta, kai kuwa kana son ƙyallin da zai shekara. Hoto da bidiyo kada su ruɗe ka, domin ko kakin folish na 'yan kuɗi kaɗan yana sa ruwa ya gangara a ranar farko. Abin da za ka nema shi ne a nuna maka motar da aka yi wa aiki bara, wadda ta ci hunturu ɗaya da damina ɗaya. Mai gaskiya zai yi murna da wannan buƙata, ya kira mai motar ya nemi izini. Ka je ka gan ta da rana tsaka, ka tambayi mai ita ko direbanta yadda aka rabu, da kuma ko mai aikin yana ɗaga waya bayan an biya shi.

Bayan haka sai ka taka da ƙafarka zuwa wurin aikin, zuwa da kai ya fi aike. Seramik ba ya jituwa da ƙura, ba ya jituwa da ƙarfe mai zafi. Idan aka shafa shi a rana yana daskarewa kafin a goge shi daidai, ya bar tabo mai duhu. Idan aka shafa shi ƙura tana tashi, ƙurar za ta kwanta a ciki ta zauna daram. Don haka rumfar kwano a bakin titi, ko inuwar darbejiya, ba wurin wannan aiki ba ne ko da mai aikin gwani ne. Ana bukatar ɗaki ko gareji mai rufewa, mai daɓen siminti, wanda motarka za ta shige ciki baki ɗaya ta kwana. Ka auna tsayin ƙofar da idonka, domin na sha ganin wurin da ke da kyau amma homa mai dogon rufi ba ta shiga. Ka duba fitilu, saboda karce ba ya bayyana sai an haska shi da haske mai ƙarfi daga gefe. Ka tambayi inda suke samun wuta idan an ɗauke, da kuma irin ruwan da suke wanki da shi, domin ruwan rijiyar burtsatse a wurare da dama yana barin farin tabo idan ya bushe a jikin mota. Ka kalli tsummokaransu: masu laushi ne na musamman, a ninke a wuri mai tsabta, ko kuwa tsofaffin riguna ne a zube a ƙasa? Tsumma ɗaya da ya ɗauki yashi ya isa ya ɓata aikin yini guda.

Injin folish iri biyu ne. Akwai mai juyawa waje ɗaya kamar injin guga na masu walda, yana da sauri da ƙarfi, amma yana tara zafi, kuma a hannun ɗan koyo yana huda kiliya a kan gefuna cikin ƙiftawar ido. Akwai kuma mai juyi biyu, wanda yake juyawa yana kuma karkaɗawa, ya fi sauƙin sarrafawa kuma shi ne ya fi dacewa da gogewar ƙarshe. Ƙwararre yakan mallaki duka biyun. Kamfanoni irin su Rupes na Italiya sun yi suna wajen injuna, Menzerna da Koch-Chemie na Jamus da 3M da Meguiar's na Amurka kuma wajen man folish, amma sunan kaya ba ya maye gurbin hannu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka san wane ne zai riƙe injin: maigidan da kuka yi magana da shi, ko yaron da ya zo koyo watan jiya?

A nan zan ba da abin da ya faru da mu, domin shi ne ya koya mini wannan darasi. Yayana yana da baƙar jif da muka kai wani wuri aka yi mata folish, muka je ɗauka bayan magariba, ta yi ƙyalli a ƙarƙashin fitila har muka ƙara wa yaran wani abu. Bayan wanki uku, da rana ta haska ƙofofin, sai ga zane-zane kamar saƙar gizo ko'ina, a kan kusurwar bonet kuma wani wuri ya yi fari-fari inda inji ya cinye kiliya. Ashe an yi amfani da wani mai ne da ke cike ramukan karce na ɗan lokaci, wanki ya tafi da shi. Bonet ɗin sai da aka sake masa fenti, kuma har aka sayar da motar launinsa bai zo ɗaya da na sauran jikin ba.

Maganin wannan shi ne gwaji a ƙaramin wuri, kuma ba na ba kowa shawarar ya tsallake shi. Ka ce wa mai aikin: “Maigida, kafin mu yi ciniki, a gwada mini a nan.” Ya manna tef ya ware wuri kamar faɗin tire a kan bonet ko ƙofa, ya yi aikinsa yadda zai yi wa sauran motar. Idan ya gama, ka nemi ya goge wurin da ruwan nan mai cire maiƙo, wanda akasari sinadarin alkohol ne, domin shi ne ke wanke duk wani mai da ke ɓoye karce. Sannan a cire tef ɗin, a haska tocila, a fitar da motar rana, ka kwatanta gefen da aka gyara da wanda ba a taɓa ba. Abin da ka gani bayan wannan gogewa shi ne gaskiyar aikin. Ka lura kuma da abin da zai faɗa game da manyan karce. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce, karcen da farce ke maƙalewa a cikinsa ya yi zurfin da ba a cire shi da folish ba tare da an cutar da kiliya ba. Mutumin da ya nuna maka irin wannan ya ce, “Alhaji, wannan sai dai mu rage masa kaifi, ba zai fita duka ba,” ya fi mini wanda ya yi rantsuwa cewa zai mayar da motar sabuwa fil.

Game da seramik ɗin kansa, jabu ya yi yawa, kuma akwai feshin da ake rubuta wa sunan seramik alhali ƙarfinsa na 'yan watanni ne. Na ainihi yakan zo a ƙaramar kwalba ta mililita 30 ko 50; kwalba ɗaya ta ishi ƙaramar mota, bas kuwa ko RV za ta ci fiye da haka. Ka tambayi sunan abin da za a shafa da yawan kwalaben da motarka za ta ci, ka nemi a buɗe su a gabanka ko a ajiye maka fankon. Sunaye irin su Gtechniq da CarPro da Gyeon da Ceramic Pro sanannu ne a duniya, kuma wasu kayan nasu ba a sayar da su sai ga waɗanda kamfanin ya amince da su, don haka idan mutum ya ce shi wakilinsu ne, ana iya dubawa a shafin kamfanin na intanet. Lambar 9H da ake yawan bugawa a talla kuwa ma'aunin taurin fensir ne da masu gwajin fenti ke amfani da shi, ba ta nufin motar ta zama dutse. Kaurin rufin seramik bai wuce maikuron ɗaya ko biyu ba. Yana sa datti ya rage kamawa, wanki ya yi sauƙi, kashin tsuntsu da hasken rana su rage yin ɓarna, amma ba ya tare tsakuwa, ba ya hana ƙaya ko makulli karce. Wanda matsalarsa tsakuwar hanya ce, abin da yake buƙata a gaban mota shi ne ledar kariya mai kauri da ake mannawa, wannan kuma wata sana'a ce daban.

Idan ba a daɗe da sake wa motar fenti ba, ka faɗa tun farko. Sabon fenti yana ci gaba da fitar da sinadaran da ke cikinsa na tsawon makonni, kuma shawarar da aka saba bayarwa ita ce a jira kwana 30 zuwa 90 kafin a rufe shi da wani abu. Mai aikin da ya tambaye ka wannan tun kafin ka ambata ya nuna ya san sana'arsa.

Maganar kuɗi ta fi kyau a yi ta bayan an ga mota, an auna, an yi gwaji. Farashin da aka yanka ta waya cinikin biri ne a sama. Ka nemi a rarrabe maka: nawa ne na wanki da cire kwalta da dattin da ya maƙale, nawa ne na gyaran fenti kuma zagaye nawa za a yi da inji, nawa ne na seramik, kuma ko rufin mota da gilasai da ƙafafu suna ciki. Rufin nan a kula da shi, domin shi ne ya fi shan rana, shi ne kuma aka fi tsallakewa a doguwar mota tun da mai ita ba ya hangen sa. Lokacin da aka ɗiba ma ma'auni ne. Gyara mai kyau a ƙaramar mota yana cin yini guda zuwa uku, don haka wanda ya ce zai gama kosta tsakanin azahar da la'asar ya riga ya gaya maka irin aikin da zai yi. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. A rubuta yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce, da sunan kayan, da ranar karɓa, da wanda zai ɗauki nauyi idan inji ya ƙona fenti. A ɗauki hoton motar ta kowane gefe kafin a miƙa makulli, a kwashe kaya masu daraja daga ciki, kuma kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin kayan aiki, sauran sai an ga aiki. Idan an yi maka alkawarin garanti na shekaru, ka karanta sharuɗɗansa, domin yawanci yana rataye ne a kan yadda ake wanke motar da kuma dawo da ita a duba lokaci-lokaci, sannan ka tambayi kanka ko wannan shago zai kasance a wurin idan ka dawo.

Idan kana da zaɓi, ka guji tsakiyar hunturu da tsananin bazara, sai fa idan garejin a rufe yake ruf kuma yana da sanyi. Ƙarshen damina, wajajen Oktoba, kafin ƙura ta taso, lokaci ne mai kyau a wannan yanki namu, kuma motar za ta shiga hunturu da kariyarta.

Ranar ɗauka ka je da hantsi, kada ka yarda da karɓar mota da dare. A fito da ita rana ka zagaya a hankali, kana kallon jikin daga gefe. Ka nemi tabo mai duhu ko mai launin bakan gizo, wanda ke nuna inda seramik ya taru ba a goge ba, domin a kwanakin farko cire shi yana da sauƙi, daga baya kuwa sai da inji. Ka duba gefunan ƙofofi da na bonet, ka duba robobi da tambarin mota ko an bar busasshen farin mai a jikinsu, ka hau matakala ka leƙa rufi. Kada ruwa ya taɓa motar a cikin awa 24 na farko, kuma kada a wanke ta da sabulu sai bayan kamar mako guda, ko yadda takardar kayan ta nuna. Sannan ka zo da direbanka ko yaron da ke wanke maka mota, mai aikin ya nuna masa da hannunsa: a fara zuba ruwa ya kwashe ƙura kafin tsumma ya taɓa jiki, bokiti ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso, ban da garin sabulun wankin tufafi, ban da wanki a rana, a kuma tsane ruwan kafin ya bushe da kansa. Kashin tsuntsu ko na jemage a jiƙa shi a ɗauke a ranar da aka gan shi. Kafin ku rabu da mai aikin, ku sa ranar da za ka dawo da motar ya sake duba ta bayan hunturu ya wuce, ka rubuta ranar a bayan rasit ɗinka.